Ota Benga: Ɗan Kongon da aka kulle a kejin birai a Amurka

Ranar Asabar 8 ga watan Satumban 1906, masu ziyara a gidan namun daji na Bronx da ke birnin New York suka tarar da sabon abin kallo a sashen birai. Cikin ɗaya daga kejunan, wani ɗan gajeren saurayi ne baƙar fata, da kwari da baka a gefensa. Bayan an jima aka shigo masa da wani jan biri irin na tsibiran Asiya mai suna Dohong, aka bar su tare.

Ba a daɗe ba aka kafa allo a gaban kejin, irin wanda ake kafa wa kowace dabba a gidan. Allon ya ba da sunansa, Ota Benga, ya ce shekarunsa 23, tsawonsa ƙafa 4 da inci 11, nauyinsa kimanin kilo 47, an kuma kawo shi ne daga yankin kogin Kasai na ƙasar Kongo. Layin ƙarshe ya sanar da jama'a cewa za a riƙa nuna shi kowace yamma har watan ya ƙare.

Wanda ya ba da umarnin ba wani ɗan wasan kasuwa ba ne mai neman na tuwo. William Hornaday ne, shugaban gidan, masanin dabbobi da Amurka ke alfahari da shi saboda ƙoƙarin da ya yi na ceto ɓaunan ƙasar daga ƙarewa. Masu kallon ma ba 'yan tasha ba ne. Iyaye ne da 'ya'yansu cikin kayan fita, da malamai, da 'yan jarida. Mafi yawansu dariya suka yi.

Abin da suka karanta kafin su gan shi

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A gaban wannan keji ji ne ya kori gani, domin mutanen da suka yi cincirindo a wurin sun riga sun san Ota Benga, ko kuma sun ɗauka sun san shi, tun kafin ya sauka daga jirgi.

Tun zamanin tsoffin Girkawa, Turai ke da labarin wasu gajerun mutane a ƙarshen duniya. Mawaƙi Homer ya ambace su suna yaƙi da gauraki, kuma daga harshen Girka ne sunan Pigmi ya fito, sunan da babu wata al'umma a Afirka da ke kiran kanta da shi. Marubucin Rum Pliny ya cika littafinsa da mutanen Afirka marasa kai, masu ido da baki a ƙirji, kuma masu zanen taswira sun yi ƙarnuka suna kwafar waɗannan halittu a guraben da ba su san abin da ke ciki ba. Da aka shigo ƙarni na 19, masanin falsafar Jamus Hegel ya koyar da ɗalibansa cewa Afirka ba ta cikin tarihin duniya.

Sai kuma littattafan matafiya. A 1890 Henry Morton Stanley ya fitar da In Darkest Africa, wanda ya yi kasuwa ƙwarai a Turai da Amurka, kuma a ciki ya bayyana gajerun mutanen dajin Ituri da kalmomin da suka fi kusa da bayanin dabba. A 1899 Joseph Conrad, wanda ya yi aikin jirgin ruwa a kogin Kongo, ya wallafa Heart of Darkness. Littafin ya soki zaluncin Turawa, wannan gaskiya ne, amma baƙaƙen da ke cikinsa kusan duk ba su da suna, ba su da magana, inuwoyi ne kawai a bakin kogi masu ihu da tsalle. Sai a 1975 Chinua Achebe ya tsaya a wata jami'a a Amurka ya ce littafin na wariyar launin fata ne, maganar da ta tayar da ƙura a tsakanin masana adabi.

A gefe guda kuma wasu masu kiran kansu masana kimiyya sun ɗauki ra'ayin Darwin sun mayar da shi tsani: Bature a ƙololuwa, baƙar fata a ƙasa, gajerun mutanen daji kuma a matakin da ya fi kusa da biri. Don haka da Hornaday ya haɗa mutum da biri a keji ɗaya, ba sabon abu ya koya wa kowa ba. Zanen littafin makaranta ne ya fito da shi fili.

Jahilcin da ke tattare da lamarin ya bayyana tun washegari. Jaridar New York Times, a kanun labarinta, ta danganta shi da mafarautan kudancin Afirka, mutanen da ke da nisan dubban kilomita daga Kasai. Rubuce-rubucen baya kuma sun fi kiran sa ɗan ƙabilar Mbuti, alhali Mbuti na zaune ne a dajin Ituri, can arewa maso gabas. Ga masu rubutun duk ɗaya ne.

Ƙasar da ya baro

An haifi Ota Benga a wajajen 1883, dab da lokacin da manyan ƙasashen Turai suka zauna a Berlin kan rabon Afirka. Daga 1885 Kongo ta zama mallakin mutum ɗaya, Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, wanda bai taɓa taka ƙasar ba har ya mutu. Abin da yake so daga cikinta hauren giwa ne da roba. An ɗora wa kowane ƙauye adadin robar da zai kawo. Wanda ya gaza, a kama matansa a yi garkuwa da su, a zane mazan da dorina, a ƙone ƙauyen. Sojojin rundunar Force Publique kan yanke hannun wanda suka kashe don su nuna wa jami'ansu cewa ba su ɓarnatar da harsashi ba. A shekarun farko, kafin a soma ɗibar 'yan ƙasa da yawa, an cika rundunar ne da sojojin haya daga Zanzibar da gaɓar Afirka ta Yamma, kuma akwai Hausawa a cikinsu.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa Ota Benga ya tafi farautar giwa, ya dawo ya tarar sojoji sun kashe matarsa da 'ya'yansa, daga nan ya faɗa hannun masu cinikin bayi. Wanda ya fara ba da wannan labari shi ne Samuel Phillips Verner, ɗan jihar South Carolina, wanda ya fara zuwa Kasai a matsayin ɗan mishan kafin ya koma fataucin kayan tarihi da neman ma'adinai. Verner ya ce ya fanshi saurayin ne a farkon 1904 da ɗan gishiri da turmin yadi. Sai dai ya ba da labarin haɗuwarsu ta fuskoki daban-daban a lokuta daban-daban, kuma a kowace fuska shi ne jarumin.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne dalilin zuwan Verner. Kwangila ce a hannunsa. Masu shirya babban baje kolin duniya na birnin St. Louis sun aike shi ya kawo musu gajerun mutanen Kongo, kuma W. J. McGee, shugaban sashen nazarin ɗan'adam na baje kolin, ya rubuta masa jerin abin da yake buƙata, maza da mata da yara, kamar mai aika yaro cefane.

A wannan shekarar ta 1904 ne jami'in Birtaniya Roger Casement ya fitar da rahotonsa kan ta'asar da ake yi a Kongo. Kafin shi, William Sheppard, baƙar fatar Amurka da ya yi aikin mishan a Luebo, inda Verner ma ya zauna, ya ƙirga yankakkun hannaye da idonsa ya kai rahoto. Verner ya san duk wannan, amma a bainar jama'a kare gwamnatin Leopold yake yi, domin da izininta yake shiga yana fita.

St. Louis

Nuna mutane a baje koli ya riga ya zama al'ada. A 1897 Leopold ya sa an kai 'yan Kongo 267 garin Tervuren kusa da Brussels, aka gina musu bukkoki a bakin tafki, bakwai daga cikinsu suka mutu a can. Amma na St. Louis ya fi duka girma. Kusan mutum miliyan 20 suka ziyarce shi. An kawo fiye da mutum dubu daga Philippines, wadda Amurka ta ƙwace ba da daɗewa ba, da Ainu daga Japan, da mutanen Patagonia, da tsohon jagoran yaƙin Apache, Geronimo, wanda a lokacin fursunan gwamnati ne yana sayar da hotunansa.

Ota Benga da sauran samarin da Verner ya samo sun iso a ƙarshen watan Yuni. Nan take haƙoransa suka ja hankali. An feƙe su tun yana yaro, ado ne da al'ummomi da yawa a yankin Kongo ke yi, kamar yadda wasu ke yin tsaga ko zane a fuska. Jaridu suka ce shaida ce ta cin naman mutum, aka riƙa tallata shi a matsayin mayen gaske tilo a Amurka. Shi kuwa da ya lura abin da ake so ke nan, sai ya sa farashi: senti biyar kafin ya buɗe baki.

Wannan ɗan ciniki yana nuna wanda ke karantar wani a tsakaninsu. Samarin sun gane da wuri cewa 'yan kallo ba su son ganin su zaune suna hira ko suna gyaran baka, sun fi son ihu da tsalle. Sai suka riƙa kallon raye-rayen Indiyawan Amurka da ke kusa da su suna kwaikwayo, jama'a na tafi suna cewa sun ga Afirka ta ainihi. Da aka shirya wasu wasanni na kwana biyu a watan Agusta, a gefen gasar Olamfik ta wannan shekara, don a auna ƙarfin waɗanda ake kira mutanen daji, aka saka su a tsere da jifa ba tare da an yi musu cikakken bayanin ƙa'idoji ba. Da yawa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Masu shiryawa suka rubuta sakamakon a matsayin hujjar fifikon Bature.

Da baje kolin ya tashi, aka bai wa Verner lambar yabo. Geronimo kuma ya bai wa Ota Benga wani kan kibiya na dutse.

Verner ya mayar da su gida a 1905. Ota Benga ya zauna cikin mutanen Batwa, ya sake aure, matar ta rasu sakamakon saran maciji. Ba shi da sauran dangi, ƙauyensa babu, ƙasar kuma na nan a hannun masu roba. A tsakiyar 1906 ya sake hawa jirgi tare da Verner. Verner ya ce shi ya roƙa a tafi da shi, kuma bakin Verner kaɗai aka ji.

Kwana 20

Verner ya sauka New York aljihu wayam, da akwatunan kayan tarihi da wasu dabbobi da yake neman mai saye. Ya ajiye kayan a babban gidan tarihin halittu na birnin, ya ajiye Ota Benga tare da su. Shugaban gidan, Hermon Bumpus, ya saya masa fararen kaya, ya bar shi yana yawo cikin zaurukan da ke cike da gawarwakin dabbobin da aka busar, amma ba a bari ya fita waje. Makonni kaɗan ya soma gundura. An ruwaito cewa wata rana da aka ce ya kawo wa wata attajira kujera, sai ya yi kamar bai fahimta ba, ya wurga kujerar ta wuce dab da kanta. Bumpus ya nemi a zo a ɗauke shi.

Haka ya isa Bronx. A kwanakin farko yana zagaya gidan ne yana taya ma'aikata kula da dabbobi. Sai aka ce ya rataye ragar kwanciyarsa a wani keji da babu kowa a sashen birai. Sai aka kawo kwari da baka da abin auna harbi. Sai aka watsa ƙasusuwa a ƙasan kejin don mai kallo ya ƙarasa sauran labarin da kansa. Kafin a ankara an rufe ƙofa.

Waɗanda suka fara ɗaga murya limaman coci ne. Fasto Robert MacArthur, wani Bature mai babban coci a birnin, ya yi tir da abin, sannan ƙungiyar limaman Baptist baƙaƙen fata ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Fasto James H. Gordon, mai kula da gidan marayu na Howard da ke Brooklyn. Gordon ya je ya gani da idonsa. Hujjarsa biyu ce: cewa baƙar fata a Amurka na shan isasshen wulaƙanci ba sai an haɗa ɗayansu da biri ba, da kuma cewa nunin talla ne ga ra'ayin Darwin, wanda shi bai yarda da shi ba. A shekarun nan ana rataye baƙaƙen fata a kan bishiya a kudancin ƙasar ba tare da shari'a ba, don haka limaman sun san inda irin wannan hoto ke kaiwa.

Suka nemi ganin magajin gari George McClellan, ya ƙi fitowa, ya aiko cewa aiki ya yi masa yawa. Suka je wurin Madison Grant, sakataren ƙungiyar da ke da gidan namun dajin, ya sallame su da 'yan kalmomi. New York Times ta rubuta sharhi tana mamakin abin da ya tayar wa mutane da hankali. A ganinta irin su Ota Benga na can ƙasan tsanin ɗan'adam, kuma kai shi makaranta azaba ce kawai za a ƙara masa. Hornaday ya tsaya kai da fata cewa saurayin na jin daɗi, ɗakinsa ma na cikin mafi kyau a sashen.

Da lauya Wilford Smith ya soma shirin kai ƙara, aka cire allon, aka daina kulle shi da rana. Hakan bai sauƙaƙa masa ba. Ranar Lahadi 16 ga Satumba mutum kusan dubu 40 suka shiga gidan, kuma kusan duk shi suka zo nema. Suka riƙa bin sa duk inda ya nufa, ana ihu, wasu na tsokanar haƙarƙarinsa da yatsa, wasu na sa masa ƙafa ya faɗi. Ya fara ramawa. Ya harbi wani da kibiya, wata rana kuma ya zaro wuƙa da ma'aikata suka takura masa. Jaridu suka samu abin da suke jira, suka ce ga halin dajin ya fito.

Ba tausayi ne ya kawo ƙarshen abin ba. Hornaday ya rubuta wa Verner cewa saurayin ya gagari sarrafawa, kuma ba dama a hukunta shi saboda idon jarida na kansu. A ƙarshen watan, bayan kwana 20, aka fitar da shi a asirce aka miƙa wa Gordon. Mutanen da suka shiga gidan a wannan Satumba sun kusa dubu 250, kusan ninki biyu na Satumbar da ta gabata.

A duk tsawon wannan taƙaddama an ji ta bakin shugaban gida, da magajin gari, da limamai, da editoci, da masu aiko wasiƙa. Babu jaridar da ta nemo mai jin harshensa ta zauna da shi ta tambaye shi yadda yake ji ko abin da yake so.

Otto Bingo

A gidan marayu an ba shi ɗaki nasa, domin shi ba yaro ba ne, magidanci ne da ya binne mata biyu. Ya koyi ɗan Turanci da ɗan karatu, daga baya aka mayar da shi gonar gidan da ke Long Island yana aiki. Su ma masu taimakon nasa suna da nasu hoton a zuci: so suke su wayar da shi, ya zama Kirista, wataƙila wata rana ya koma Afirka yana wa'azi. Sun dai ɗauke shi mutum, kuma a New York ta 1906 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A watan Janairun 1910 Gordon ya tura shi Lynchburg a jihar Virginia, inda akwai wata kwalejin horar da limamai ta baƙaƙen fata. Ya zauna da iyalin Mary Hayes Allen, matar tsohon shugaban kwalejin. Likitan haƙori ya sanya wa haƙoransa murfi don su yi kama da na kowa, aka saya masa kaya irin na gari, mutane suka riƙa kiran sa Otto Bingo. Anne Spencer, wadda daga baya ta shahara a matsayin mawaƙiya, tana cikin masu koya masa karatu. Ya ɗan zauna a aji tare da ƙananan yara, sannan ya bari ya kama aiki a masana'antar taba, yana kuma yin 'yan ayyukan ƙarfi a unguwa.

Shekarun Lynchburg su ne kaɗai lokacin da waɗanda suka san shi a matsayin maƙwabci suka ba da labarinsa, kuma mutumin da ke cikin labarinsu bai yi kama da na jarida ba. Yaran unguwa, ciki har da Chauncey ɗan Anne Spencer, wanda ya girma ya zama matuƙin jirgin sama, sun tuna da shi yana shiga da su daji. Ya koya musu feƙe kibiya, da kama kifi, da yadda ake bin sawun dabba ba tare da an karya ko tsinke ba, da ɗebo zuma ba tare da ƙudan ya harbe su ba. Yakan tafi ba takalmi. Da dare yakan hura wuta ya ba su labarin farauta, yana kwaikwayon kukan dabbobi. A wurin waɗannan yara shi ne mutumin da ya fi kowa sani a garin.

A daidai wannan lokaci, a 1912, wani marubuci a Chicago mai suna Edgar Rice Burroughs, wanda bai taɓa zuwa Afirka ba, ya fitar da labarin Tarzan: jaririn Bature da birai suka raina, ya girma ya fi duk baƙaƙen dajin ƙarfi da wayo. Labarin ya zama littattafai da finafinai da suka zagaya duniya. Amurka ta koyi dajin Kongo daga wurin wanda bai taɓa ganin sa ba, alhali wanda aka haifa a cikinsa yana Virginia yana jera ganyen taba.

Ota Benga ya so komawa gida. Ya riƙa tambayar kuɗin jirgi, yana tara abin da ya samu. A 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Jamus ta mamaye Beljiyam, zirga-zirgar jiragen fasinja ta tsaya cik.  Maƙwabta suka lura ya rage magana, yakan zauna shi kaɗai ƙarƙashin bishiya na tsawon lokaci.

Ranar 20 ga Maris 1916 ya hura wuta a fili kusa da inda yake kwana, ya cire murfin da aka sa wa haƙoransa, daga baya kuma ya harbe kansa da ƙaramar bindiga. Shekarunsa ba su wuce 33 ba. An binne shi a Lynchburg, a kabarin da ba a sa wa alama ba.

Bayan mutuwarsa

A shekarar da ya mutu ne Madison Grant ya wallafa The Passing of the Great Race, littafin da ya jera jinsunan mutane daga sama zuwa ƙasa. Ra'ayoyinsa sun yi tasiri a dokar taƙaita shige da fice ta Amurka ta 1924, an fassara shi zuwa Jamusanci, Hitler ya yaba da shi, kuma lauyoyin wani likitan Nazi sun kawo shi a matsayin hujja a shari'ar Nuremberg.

Nuna mutane ma bai tsaya ba. A baje kolin daular Birtaniya na Wembley a 1924 an gina gari mai ganuwa irin na Kano, aka kawo masu sana'a daga Najeriya da Gold Coast da Saliyo suna aiki jama'a na kallo. Irin abin da jaridun Landan suka rubuta a kansu ya fusata ɗaliban Afirka ta Yamma da ke karatu a can, kuma shekara guda bayan haka Ladipo Solanke da abokansa suka kafa ƙungiyar WASU. A 1958, shekara biyu kacal kafin Kongo ta samu 'yanci, an sake kafa ƙauyen 'yan Kongo a baje kolin Brussels, 'yan kallo na miƙa musu ayaba ta saman shinge, har mutanen suka gaji suka tattara suka tafi.

Shi kuwa labarin Bronx sai aka shiga binne shi. Da New York Times ta ba da labarin mutuwar Ota Benga, cewa ta yi ma'aikaci ne a gidan namun dajin, batun keji kuma jita-jita ce, kamar ba ita ta buga labarin a 1906 ba. Ƙungiyar da ke da gidan ta yi shekaru da dama tana maimaita irin wannan bayani. Littafin farko da aka rubuta kan rayuwarsa, a 1992, jikan Verner na cikin marubutansa, kuma ya nuna mutanen biyu a matsayin abokai. Sai a 2015 Pamela Newkirk, malamar aikin jarida a Jami'ar New York, ta bi wasiƙun Hornaday da Verner ɗaya bayan ɗaya ta nuna cewa sun san abin da suke yi.

A 2017 aka kafa allon tunawa da shi a Lynchburg. A watan Yulin 2020, ana tsakiyar zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, ƙungiyar Wildlife Conservation Society, wadda ke tafiyar da gidan namun dajin Bronx, ta fito ta nemi afuwa, shekara 114 bayan faruwar abin.

Tun a St. Louis wani mai sassaƙa ya shafa wa Ota Benga filasta a fuska da ƙirji, ya fitar da mutum-mutuminsa don gidan tarihin halittu na New York, gidan da daga baya aka ajiye shi tare da akwatunan Verner. Kamannin sun fito sarai. A jikin mutum-mutumin ba a rubuta sunansa ba, Pigmi kawai aka rubuta.